Babi na Bakwai: Makaranta a Buɗe, Mota Babu

A jihohin arewacin Amurka da lardunan Kanada, daga Disamba zuwa Maris, akwai hukuncin da ake yankewa tun kafin a kira assalatu, wanda kuma shi ke tsara yadda dubban gidaje za su wuni. Mai yanke shi shi ne shugaban hukumar makarantun gunduma. Wajen ƙarfe huɗu na asuba yake tashi, ya kira masu hasashen yanayi, ya ji ta bakin 'yan sanda da ma'aikatan da ke share hanya suna zuba gishiri, ya tambayi shugaban direbobi ko motoci sun tashi. A gundumomin karkara, shi ko mataimakansa kan shiga mota su zaga hanyoyin da suka fi santsi don su gani da idonsu. Zaɓi uku ne a gabansa: a rufe makarantu, a jinkirta buɗewa da awa biyu, ko a buɗe kamar kullum. Dole ne kuma ya yanke kafin motar farko ta bar gareji, galibi tsakanin ƙarfe biyar da shida.

Duk wanda ya ɗauka sai an yi kuka da shi. In ya rufe sannan rana ta fito tangaram, iyayen da suka yi asarar aikin yini ba za su yafe masa ba. In ya buɗe mota ta zame ta faɗa kwalbati, maganar ta fi ƙarfin kuka. Iyaye sun san aikin da wuya, kuma yawancinsu kan yi masa uzuri. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne wani zaɓi na huɗu da ba a cika ambatonsa a takardun hukuma ba. Makaranta a buɗe take, mota ba ta zo ba ko ta zo bayan awa guda, an turo saƙo ana cewa kowa ya duba abin da ya fi wa ɗansa alheri, sannan wanda ya bar ɗansa a gida a rubuta wa yaron fashi. Hukuma ta sauke nauyin da ke wuyanta ta aza wa iyaye, ta kuma riƙe alƙalamin da za ta hukunta su da shi.

Motar da ake jira

Kafin annobar korona, motocin makaranta kusan 480,000 ne ke ɗaukar yara wajen miliyan 25 kowace rana a Amurka, wato kusan rabin ɗaliban makarantun gwamnati. Launin rawayan da aka san su da shi ya samo asali ne daga taron da Farfesa Frank Cyr ya kira a Jami'ar Columbia a 1939, inda aka daidaita ƙa'idojin ƙera su. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta daɗe tana cewa yaron da ke cikin wannan mota ya fi na cikin ƙaramar mota tabbacin isa makaranta lafiya har sau 70. A unguwannin bayan gari da ƙauyuka, inda babu motar haya kuma makaranta na iya yin nisan kilomita 20, in motar nan ba ta zo ba to hanya ta toshe ga duk gidan da ba shi da abin hawa.

Sanyi kuwa ba ya raga mata. Yawancin motocin da dizal suke aiki, shi kuwa dizal in sanyi ya tsananta kakin da ke cikinsa yakan daskare ya toshe matatar mai, injin ya ƙi tashi ko ya mutu a hanya. Batir yakan yi rauni. Birkin da ke aiki da iska, in danshi ya taru a bututunsa, sai ƙanƙara ta kama shi. Shi ya sa a daren da ake sa ran sanyi mai tsanani ake jona injina da na'urar ɗumamawa, makanikai su yi sammako su fara tayar da motoci tun duhu. Wadda ta ƙi tashi sai a raba yaranta ga wasu, direba ɗaya ya yi hanya biyu. Ga kuma ƙarancin direbobi da ya yi ƙamari bayan korona, har ta kai a Satumbar 2021 gwamnan Massachusetts, Charlie Baker, ya kira dakarun tsaron jiha su taimaka wajen kai yara makaranta.

Duk wannan a gareji yake faruwa, uwa ba ta gani. Abin da ta sani shi ne bakin titi. Ƙarfe bakwai saura kwata, gari bai gama wayewa ba, ta sa wa ɗanta mai shekara shida riga kan riga, da safar hannu da hular sanyi, ta naɗe masa baki da hanci har idanu kawai ake gani. Motar share hanya ta ture dusar ƙanƙara ta jibge ta a gefen da masu ƙafa ke bi, don haka a kan kwalta suke tsaye, motoci na giftawa dab da su. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Yaron ya ce, "Mama, ba na jin yatsuna." Ta kira ofishin sufuri, layi a cike. Ta kira makaranta, ba a fara ɗaukar waya ba. In ta koma gida motar na iya zuwa ta wuce, in ta tsaya ba ta da tabbacin za ta zo. Ƙarfe takwas kuma ake jiran ta a wurin aiki.

Tsayuwar nan tana da haɗari na gaske. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A ranar 6 ga Janairun 2014 gwamnan Minnesota, Mark Dayton, ya rufe dukkan makarantun gwamnati na jihar saboda tsananin sanyi kawai. A ranar 30 ga Janairun 2019 ma'auni ya sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili a Chicago, makarantun birnin suka kasance a rufe. A irin waɗannan ranaku hanya na iya zama a share tsaf, amma minti ashirin na jiran motar da ta makara ya isa ya yi wa kunnen yaro lahani.

Darussa masu tsada

Tsoron da ke zukatan iyaye yana da tarihi. A ranar 12 ga Janairun 1888 guguwar dusar ƙanƙara ta afka wa Nebraska da yankin Dakota bayan safiya mai ɗumi, ta kashe mutane wajen 235, da dama daga cikinsu yara ne da suka taso daga makaranta. A ranar 26 ga Maris ɗin 1931, kusa da garin Towner a Colorado, malaman makarantar Pleasant Hill suka sallami yara da safe da suka ga guguwa ta taso. Direba Carl Miller ya kwashi yara 20 a motar da ba ta da na'urar ɗumi, tagoginta na baya ma da kwali aka toshe. Motar ta faɗa rami ta maƙale har awa 33. Yara biyar suka rasu, ciki har da 'yar direban, shi ma aka tsinci gawarsa a fili bayan ya fita da ƙafa neman taimako. Tun daga nan aka san cewa sallamar yara a tsakiyar guguwa ta fi barin su a aji haɗari, kuma hukuncin da ya fi daraja shi ne na asuba, tun yara na gida.

Birnin Atlanta ya sake biyan kuɗin wannan darasi a ranar Talata 28 ga Janairun 2014. Tun kafin ƙarfe huɗu na asuba hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi, amma yawancin gundumomi suka buɗe makarantu. Da dusar ta fara sauka wajen tsakar rana, makarantu da ofisoshin gwamnati da kamfanoni suka sallami mutane a lokaci guda. Abin da ya sauka bai kai santimita 7 ba, sai dai ya narke ƙarƙashin tayoyi ya sake daskarewa, manyan hanyoyi suka tsaya cik. Dubban yara suka kwana a ajujuwa da ɗakunan wasanni tare da malamansu, wasu a cikin motocin makaranta a kan titi. Iyaye suka yi watsi da motocinsu suka taka da ƙafa cikin dare don su isa wurin 'ya'yansu. A maƙwabciyar jiha Alabama ma ɗalibai fiye da 11,000 ne suka kwana a makarantu. Bayan kwana biyu Gwamna Nathan Deal ya fito ya nemi gafara, ya ambaci iyayen da 'ya'yansu suka kasa komawa gida kan lokaci.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki, ranar 13 ga Fabrairu, sai ga New York, birnin da ya fi kowane yawan ɗalibai a Amurka, wajen miliyan 1.1 a lokacin. Dusar ƙanƙara na zuba da ƙarfi daidai lokacin tafiya makaranta, amma sabon magajin gari Bill de Blasio ya bar makarantu a buɗe. Shugabar makarantun birnin, Carmen Fariña, ta gaya wa 'yan jarida da hantsi cewa gari ya yi kyau a waje, maganar da ta harzuƙa iyayen da suka ja yara cikin ƙanƙara da sassafe. Kusan kashi 45 cikin 100 na ɗalibai ne kawai suka halarta. A kan takarda an yi ranar karatu, a cikin aji kuwa fiye da rabin kujeru babu kowa.

A ranar 15 ga Nuwambar 2018 birnin ya sake shiga wani halin. Dusar da ta sauka da yamma ta kai santimita 16, ta zarce hasashe nesa, haɗarin motoci ya toshe gadar George Washington, cunkoso ya bazu ko'ina. Yara wajen 150,000 ne ke hawa motar makaranta a New York, da yawansu masu buƙata ta musamman ne. Wasu sun shafe sa'o'i a mota babu abinci, babu banɗaki, babu maganin da suke sha da yamma, ba su isa gida ba sai bayan tsakar dare. Abin da ya fi ƙona wa iyaye rai shi ne babu wanda ya iya gaya musu inda motar take. Koken nasu ya yi tasiri, domin a farkon 2019 majalisar birnin ta yi dokar da ta wajabta sa na'urar bin sawu a kowace motar makaranta.

Dalilin da ke hana rufewa

Adalci ne a ji hujjar mahukunta, domin tana da nauyi. Ta farko ita ce abinci. Yara wajen miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makaranta ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya, yawancinsu kyauta ko a farashi mai rahusa. Ga wasunsu shi ne abinci mai zafi ɗaya tilo a rana, kuma ajin ya fi ɗakinsu ɗumi. Fariña ma wannan hujja ta kawo a 2014. Ta biyu ita ce aikin iyaye. Babu dokar tarayya a Amurka da ta tilasta wa kamfanoni su biya ma'aikaci ranar da ya zauna gida da ɗansa. Mai aikin ofis zai buɗe kwamfuta a falo, amma ma'aikacin jinya a asibiti da mai tsaron kanti da direban tasi, in ba su fita ba babu kuɗin ranar, wani ma aikin zai rasa.

Ta uku ita ce kalanda. Yawancin jihohi sun wajabta kwana 180 na karatu a shekara ko adadin sa'o'in da ya yi daidai da haka, kuma a jihar New York gundumar da ta gaza cikawa ana iya rage mata kuɗin tallafi. Ranar da aka rufe sai an rama ta, ko a yanko daga hutun bazara ko a ƙara a ƙarshen Yuni. A birnin New York kalandar ta ƙara matsewa saboda wani ci gaba mai kyau. A Maris ɗin 2015 de Blasio ya sanar da cewa makarantun gwamnati za su riƙa hutun ƙaramar Sallah da babbar Sallah, bayan shekarun da Musulmin birnin suka yi suna fafutuka, kuma iyalai 'yan Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx, har da Hausawa, suna cikin waɗanda suka amfana. Daga baya aka ƙara sabuwar shekarar 'yan Asiya da wasu ranaku. Rarar kwanakin da a da ake ajiyewa saboda dusar ƙanƙara ta kusa ƙarewa.

Waɗannan hujjoji sun isa su sa a bar ƙofar makaranta a buɗe ga yaron da ke buƙatar ɗumi da abinci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta halatta a rubuta laifi ga yaron da ya kasa isowa.

Abin da rajista ke ƙirgawa

Mai karatu zai iya cewa mene ne abin damuwa a fashin rana ɗaya. A Amurka rajista tana da haƙora. A jihohi irin su California da Texas da Kentucky da Missouri, kuɗin da gwamnatin jiha ke bai wa gunduma ya dogara ne da matsakaicin yawan yaran da suka halarta kowace rana, don haka kujera maras kowa asara ce ga aljihun makaranta. Bayan dokar ilimi da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, jihohin Amurka 36 da babban birnin ƙasar suka sa yawan fashi cikin ma'aunin da ake auna ingancin makaranta da shi. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin shekara, wato kwana 18 cikin 180, yana shiga jerin masu yawan fashi, ko da uzuri ko babu. Da adadin irin waɗannan yara ya kusa ninkawa bayan korona, matsin da ke kan shugabannin makarantu ya ƙaru, su kuma suka juyo da shi kan iyaye.

Ga kuma doka. A Pennsylvania, fashi uku babu uzuri ya isa a aiko wa iyaye takardar gargaɗi, shida kuma na iya kai maganar gaban alƙali, inda tarar farko kan iya kai dala 300. A Texas, ɗalibin da bai halarci kashi 90 cikin 100 na kwanakin darasi ba zai iya rasa makin darasin sai kwamiti ya duba lamarinsa. A makarantu da dama wanda bai zo aji ba ba ya buga wasa ranar, wasu kuma suna haɗa rangwamen jarrabawa da kyautar ƙarshen shekara da cikar halarta. Yaron da mura ta riga ta cinye masa kwanaki, ranaku biyu na dusar ƙanƙara na iya tura shi ƙetaren layi.

A lardin Ontario na Kanada tsarin ya fito fili har ya zama al'ada. Hukumar da ke kula da motoci daban take da hukumar makarantu, kuma sau da yawa wajen ƙarfe shida na safe za a sanar cewa an soke motoci amma makarantu a buɗe suke. Motar da aka soke da safe ba ta fita da yamma, wanda ya kai ɗansa shi zai ɗauko shi. Birnin Toronto ya yi shekara takwas, daga 2011 zuwa Fabrairun 2019, bai rufe makarantu gaba ɗaya saboda dusar ƙanƙara ba. Tambayar da iyaye ke yi ba ta da amsa mai gamsarwa: in hanya ta yi wa babbar mota da ƙwararren direba haɗari, ta yaya ta zama lafiya ga uwa mai ƙaramar mota da yara uku a baya, ko ga matashi ɗan shekara 17 da ya karɓi lasisi bana? An fitar da yara daga abin hawan da ya fi kowane tsaro, an zuba su a wanda ya fi haɗari, a ranar da ta fi muni. Kamar a ce wa mutanen ƙetaren kogi yau kwale-kwale ba zai tashi ba saboda ruwa ya cika, sannan a ci su tara don ba su zo kasuwa ba.

Nauyin kuma ba daidai yake sauka ba. Gidan da ke da mota mai ƙarfi da uba mai aiki daga gida zai kai yaransa. Gidan ƙauye, da gidan uwa ɗaya tilo, da gidan baƙin da suka zo bara ba su gama gane saƙon Turanci da aka turo ƙarfe shida saura ba, su ne yaransu ke tara fashi.

Abin da bincike ya nuna

Akwai masu cewa ko yaro ɗaya ne ya zo, buɗewa ta fi rufewa amfani ga ilimi. Masanin tattalin arziki Joshua Goodman, lokacin yana Jami'ar Harvard, ya gwada wannan magana da bayanan ɗaliban jihar Massachusetts daga 2003 zuwa 2010, ya fitar da sakamakon a 2014. Ya gano cewa ranakun da aka rufe makaranta gaba ɗaya saboda dusar ƙanƙara ba su rage ƙoƙarin yara a jarrabawa ba. Abin da ya rage shi, musamman a lissafi, shi ne ranakun da aka buɗe amma yanayi ya hana wasu zuwa.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli zai gane dalili. In aji duka ya rasa rana, malami zai ɗaga darasin zuwa gobe, kowa ya tafi tare. In rabi sun zo rabi ba su zo ba, malamin ya shiga tsaka mai wuya. In ya ci gaba da sabon darasi ya bar rabi a baya, kuma lissafi gini ne da ba ya tsayuwa in an tsallake tubali. In ya tsaya ya sa musu fim ko bita, waɗanda iyayensu suka yi kasada suka kawo su sun zo a banza. Ranar da ake ɗauka an ceto ta ta hanyar buɗewa, sau da yawa ita ce ta fi yi wa karatu ɓarna.

Bayan korona wasu gundumomi sun ɗauka sun samu mafita a karatu ta intanet. Birnin New York ya soke hutun dusar ƙanƙara, ya ce yara su shiga aji daga gida. Babban gwaji ya zo ranar 13 ga Fabrairun 2024, shekara goma cif bayan ranar Fariña. Da safe ɗalibai da malamai masu ɗimbin yawa suka kasa shiga manhajar, shugaban makarantu David Banks ya ɗora laifin kan kamfanin IBM da ke kula da ƙofar shiga. Ko da manhaja ta yi aiki, guguwar da ta hana mota fita ita ce ke katse wuta da intanet, kuma yaro ɗan aji ɗaya ba ya zama gaban kwamfuta sai da babba a gefensa. Matsalar rajista tana nan, an dai sauya mata wuri.

Gyaran ba shi da tsada

Babu wanda zai hana dusar ƙanƙara sauka, amma alƙalami a hannun mutane yake. Ingila ta nuna hanya. Ƙasa ce mai tsauri kan fashi, domin tun Agustan 2024 tarar fashi babu izini ta kai fam 80 ga kowane mahaifi kan kowane yaro. Duk da haka rajistarsu tana da alama ta musamman, harafin Y, da ake sa wa yaron da ya kasa zuwa saboda motar da hukuma ta saba turowa ba ta samu ba kuma gidansu ya yi nisa, ko saboda sufuri ya tsaya a yankin gaba ɗaya. Ranar da aka sa wannan alama ba a ƙirga ta cikin fashin yaro. A gida ma mun ga hukuma ta ɗauki nauyin yanayi a wuyanta, domin a 2024 gwamnatin Nijar ta ɗage buɗe makarantu daga farkon Oktoba zuwa ranar 28 ga watan saboda ambaliya.

Abubuwa huɗu ne iyaye ke nema, kuma duk masu yiwuwa ne. A yanke hukunci da wuri, da daddare in hasashe ya tabbata, don mai aiki ya nemi wanda zai riƙe masa yara. Hukumar motoci da hukumar makarantu su yi magana da murya ɗaya, a harsunan da iyayen gundumar ke ji. Kowane gida ya iya ganin inda motar ɗansa take, a kuma faɗi minti nawa yaro zai jira a sanyi kafin ya koma gida ba tare da laifi ba. Na huɗu shi ne ginshiƙi: duk ranar da aka soke mota, ko aka ce iyaye su yi abin da suka ga ya dace, a cire ranar daga lissafin fashi da na kuɗin gunduma, kuma kada a ba da sabon darasi ko jarrabawa. A buɗe ƙofa ga mai buƙatar ɗumi da abinci, a ƙyale wanda ya zauna gida.

Kai kuma mai karatu da ke renon yara a waɗannan ƙasashe, ko kake shirin zuwa, kada ka jira sai Janairu. Tun a watan Oktoba ka nemi takardar dokokin halarta ta gundumarku, ka tambaya a rubuce yadda ake rubuta yaron da motarsa ba ta zo ba. Ranar da abin ya faru, ka aika wa makaranta saƙo da lokacin da kuka fita da lokacin da kuka koma, ka ajiye kwafi. A yawancin gundumomin Amurka da Kanada zaɓen 'yan hukumar makarantu ake yi, zamansu a bainar jama'a yake, kuma kowane uba da kowace uwa na da damar tashi su yi magana. Ka je da maƙwabtanka ku nemi a gyara dokar kafin sanyi ya shigo. Ranar da motar hukuma ba ta zo ba, fashin na hukuma ne, a littafinta ya kamata a rubuta shi.